Ƙofar da Usta Fawzi Ya Toshe

Sana'ar Usta Fawzi a Alƙahira ita ce shafa launi a tsofaffin zanen birnin da aka buga da baƙar tawada. Ran Litinin hannunsa ya zame a zanen wani lungu da wani mai salkar ruwa ke tsaye a cikinsa, sai ya rufe ɓarnar da launin ƙasa, har ya haɗa da wata 'yar ƙofa.

Ran Alhamis bayan isha'i, wani dattijo mai salkar ruwa ya yi sallama. Warin takarda mai laima ya cika shagon.

"Usta, kwana uku ina zagaya lungunmu ban ga ƙofata ba, ga iyalina a ciki."

"Baba, ka yi ɓatan kai ne."

Dattijon ya ɗora yatsa a kan zanen lungun, daidai inda aka shafe ƙofar. Fawzi ya janyo zanen gabansa. Ya jiƙa auduga ya goga a hankali, takardar ta fara saɓulewa.

"Wallahi ba zai fita ba, Baba. In na ƙara, hujewa za ta yi."

"To, a ina zan kwana?"

Fawzi ya ɗago kai. Fuskar dattijon siraran layukan tawada ce sarƙe da juna. A zanen kuwa, gurbin mai salkar ya zama fari fat.