Akwatin Wutar da Baffa Ya Canza

Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, da ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, Auta ta kunna kwamfutar da baffanta ya haɗa mata domin karatun zanen gine-gine. Fanka ta juya. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwas, wani ya biyo. Da uwarta ta fita da tsintsiya, ba tsakuwa ta tarar ba, ƙananan kusoshin kwamfuta ne.

Baffan mutum ne mai tsantseni a sana'arsa. Yakan ce kayan kwamfuta kamar aure ne, a duba dacewa kafin a ɗaura. Amma wannan karon ya yi kuskure: katin zanen da ya zaɓa ya fi ƙarfin akwatin wutar da ya sayo. Shekara ashirin yana gyara kuskuren mutane, sai ya ji nauyin faɗa wa yayansa, mahaifin Auta, nasa kuskuren. Ya shiga ɗakin ajiyar shago, ya kwance babban akwatin wuta daga wata tsohuwar kwamfuta da ta shekara shida a lulluɓe, ya goge, ya ɗaura. Ya ce komai sabo ne.

Kwana uku, da rana ta yi ja sai kusoshi su fara zuba, fankar kuma tana juyawa ko an zare waya. A na huɗu Auta ta daina cin abinci, ta zauna tana jijjiga hannuwa wayam kamar mai rarrashin jariri. Baffa yakan zo, ya ce wataƙila matsalar lantarki ce, bai taɓa kallon fuskarta ba.

Aka kira wani malami dattijo. Ya yi karatu tun la'asar har inuwa ta cinye tsakar gida. Sannan wata murya ta fito daga bakin Auta, ta mace babba, a gajiye. Ta ce a tsohuwar kwamfutar take zaune da ɗanta. Tana kwance cikin akwatin wuta aka ɗauko ta, shi kuwa yana barci a ƙasan gangar kwamfutar.

Idanun Auta suka koma kan Baffa.

"Kai mai auna komai, ka lissafa wuta, ka gwada waya. Ka yi sallama kafin ka sa hannu?"

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi. Ta ce ta sani. A mayar da ita wurin ɗanta, ta sake ta. Malam ya dubi Baffa. Baffa ya juya ga yayansa.

"Yaya," in ji Baffa, "tsoho na saka, na ce maka sabo. Gangar kuma na ba masu sayen ƙarafa, don kada ka zo shago ka gane."

Muryar ba ta yi zagi ba. Ta tambaya ta ina kurar kayansu ta bi. Ya ce ta bayan gada. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa, fankar ta tsaya.

Waɗanda suka rage su ne: Auta, wadda ta warke, ba ta tuna komai, uwarta, wadda ta ajiye kusoshi arba'in da bakwai a cikin kofi, yayan, wanda ya yafe amma ya daina zuwa shago, da Baffa, wanda har yau yake bin wuraren masu ƙarafa da yamma, yana sallama a bakin kowace tsohuwar ganga.