Faifan da Tsinke Ya Sa a Aljihu

Tun a cikin mota ya kamata Tsinke ya gane ranar ba za ta ƙare lafiya ba.

Su uku ne. Oga a gaba, Gwangwani a sitiyari, shi a baya rungume da guduma.

"Ku buɗe kunne," in ji Oga. "Ranar da muka shiga shagon gwal, kyamara ta ɗauki fuskar wani sakarai da ya cire ƙyallen da ya rufe fuska don zai yi atishawa."

"Mura ce, Oga," in ji Tsinke.

"Rufe min baki! Kwamfutar shagon ta cika, ta ƙi motsi. An kai ta wurin mai gyara a sa mata babban faifan ajiya, gobe 'yan sanda su kalla. Mu shiga, mu daka faifan, mu fece. Ko allura ba a ɗauka."

Da rana tsaka suka banke ƙofar shagon mai gyaran — garam!

"Kowa ya kwanta!"

Mutum ɗaya ne a ciki, mai gyara, da sukudireba a baki. Ya zube ƙasa. A kan tebur ga kwamfuta an buɗe mata ciki, ga faifai biyu an haɗa su da waya.

"Wanne ne na shagon gwal?" Oga ya daka masa tsawa.

"Ƙa... ƙaramin, ranka ya daɗe. Babban sabo ne, jiya aka ɓare shi daga kwali, shi ne nake juye—"

"Tarihi na tambaye ka? Tsinke, daka su duka biyun!"

Oga ya koma bakin ƙofa yana leƙen titi. Tsinke ya sauke wa tsohon guduma — kwas! kwas! — ya tarwatse. Ya ɗaga ta a kan sabon, sai hannunsa ya tsaya.

'Yarsa ta fari ce ta faɗo masa a rai. Tana jami'a, kuma a saninta babanta kayan mota yake sayarwa. Kullum kukanta ɗaya: kwamfutarta ta cika, sai ta goge wani darasi kafin ta ajiye wani. Ga shi nan sabo fil, ko ƙura babu. Ai fasa wannan zalunci ne.

Ya maka wa tebur guduma sau biyu don Oga ya ji, ya zura faifan a aljihu.

Mai gyara ya ɗago kai daga ƙasa. "Malam, wannan ɗin fa—"

"Ka ƙara magana in daka ka!" in ji Tsinke.

Jiniya! Ashe maƙwabci ya buga waya. Suka afka mota, Gwangwani ya take ta.

"Hagu! Hagu, ɗan iska!" Oga ya kwarma ihu.

Ya yi dama. Lungun ba ya ɓullewa. Tsinke ya ɓalle ƙofa, ya haura katanga, ya yar da ƙyalle, ya shige cikin 'yan kasuwa yana taya albasa. Sauran biyun kuwa aka yi ram da su.

A ofishin 'yan sanda Oga ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Na yarda mun fasa tebur. Gwal kuma, ina shaida?"

Insifeto ya dubi mai gyara. "Faɗa masa."

"Ranka ya daɗe, aikin da aka ba ni shi ne in juye tsohon faifai cikin sabo, komai da komai, yadda kwamfutar ba za ta ma san an canza mata ba. Kafin ku shigo ya gama. Sabon nan tagwayen tsohon ne. Mai gudumar ya tafi da shi a aljihu."

Oga ya sauke ƙafa a hankali.

"A aljihu?"

"Na dama."

"Yallaɓai, kira direbanka. Ni da kaina zan nuna muku gidan munafukin."

A lokacin Tsinke ya isa gida yana washe baki. Ya miƙa wa 'yarsa tsaraba.

"Baba! Allah ya ƙara buɗi!" Ta yi tsalle ta shige ɗaki.

Ya wanke fuska, ya zauna, ya ce wa matarsa ta zubo masa abinci. Loma biyu ya yi, sai muryar yarinyar ta fito daga ɗaki.

"Baba, wa ya sayar maka? Wallahi an cuce ka, ba sabo ba ne. Cike yake da bidiyo."

Ya miƙe zai ruga ɗakin — sai ƙofar gida ta ɗauki bugu. Dam! Dam! Dam!

Oga ya rasa gwal da shekarunsa masu kyau. Gwangwani ya rasa mota da haƙori ɗaya. Mai gyara ya rasa tebur. Tsinke kuwa bai damu da alƙali ya ga fuskarsa ba, bai damu da dariyar da kotu ta yi ba. 'Yarsa tana kawo masa ziyara gidan yari, ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi labarin jarrabawa. Bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Har yau bai sani ba ko ta buɗe bidiyon kafin 'yan sanda su zare faifan daga kwamfutarta.