Angon da Ya Tare

Yumɓu ne ya haɗa su. Shadab na kan tsani yana shafa wa farin dutsen Taj Mahal, shahararren ginin kabarin nan na Indiya, yumɓun da ke tsotse masa dauɗa, sai curi guda ya suɓuce, ya sauka kan mayafin Nazneen.

"Malam, kabarin aka ce ka yi wa kwalliya, ba ni ba!"

"Yi haƙuri. Daga nan sama na kasa bambance ku."

Ta galla masa harara, amma dariya ta ci ƙarfinta. Shi ke nan, zance ya ƙulle.

Nazneen ita kaɗai Allah ya ba Ustad Rafiuddin, mai dasa furannin duwatsu masu launi a jikin farin dutse, sana'ar da suka gada tun daga maginan kabarin. Sirrin ɗankon da ke riƙe duwatsun ɗa namiji ake ba, don mace gidan wani za ta. Da bai samu namiji ba, ita ya koya wa.

Da magabatan Shadab suka zo, dattijon ya sunkuyar da kai. "Yaronku ba shi da aibi. Amma in ta fita, sana'ar ta bi ta, gidan nan ya mutu."

Nazneen na kuka ta tura saƙo: "Shadab ɗina, hannun Abbu, mahaifina, ya fara rawa, ni ce hannunsa yanzu. Ka manta da ni."

Amsa ta zo nan take: "Furena, wa ya ce ki fita? Ni zan shigo."

A unguwarmu ta Taj Ganj, namiji ya tare gidan surukai abin gori ne har jikoki. Abokansa a wurin mai shayi suka sa shi gaba: "Amarya, yaushe za a sa miki lalle?" Mahaifiyarsa kuwa ta daina yi masa magana.

Ya durƙusa gabanta. "Ammi, kullum ina wanke abin da wani miji ya gina wa matarsa bayan ta mutu. Tawa tana raye, ɗaki kawai zan canja."

Sai hawaye suka zubo mata.

Ranar biki, lokacin da aka saba amarya ta yi kukan rabuwa, Nazneen na tsaye ƙofar gidansu cikin jan kaya, idonta a bushe. Ammi ce ke sharɓar kuka, riƙe da hannun ango. Ta damƙa shi ga Nazneen.

"Ga shi nan, 'yata. Ba ya son yaji da yawa."

Ustad Rafiuddin ya dafa kansu da hannunsa mai rawa. "Allah ya yi muku albarka. Shigo gida, ɗana."