Kafinta Mai Farashi Biyu

Da bokiti a hannu Auta ta fara ganinsa, kuma da masifa ta tarbe shi.

Ruwan sama ya kwana yana zuba a falonsu ta wata ɓaraka a silin, har ya jiƙa kujerun Mama. Tun safe take kwalfe ruwa, bayanta ya riƙe, sai ga wani dogon saurayi ya yi sallama, tsani a kafaɗa, fensir maƙale a kunne. Ya ce shi ne kafintan da Baba ya sa a kira.

"Kai ma ka zo cin naka rabon?" in ji Auta. "Waɗanda suka riga ka sun karɓi kuɗi sun liƙa mana kwalta, ga abin da suka bar mana nan."

Ya dubi silin, ya dube ta, ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, a bar ni in hau tukuna, kafin a yanke min hukunci."

Da ya sauko ya ce katakon ya ruɓe, kwanon ma ya tsage, sai an ɗaye gefen gaba ɗaya. Baba ya gyara zama. Shi dai Baba, tunda ya yi ritaya, duk mai gyara ɓarawo ne a wurinsa har sai ya nuna akasin haka, kuma ba abin da yake jin daɗi irin ciniki. Ya ce, "To, nawa za ka yanke ni?"

Kafinta ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan Auta da ke tsaye bakin ƙofa tana harararsa. Sai ya faɗi kuɗin. Baba bai ga inda zai rage ba. Duk da haka sai da ya ɗan zaftare wani abu, kada a ce an yi aiki a gidansa ba a yi ciniki ba.

Aiki ya yi kyau. Aka sake tafka ruwa, ko ɗigo bai sauka a falo ba. Kafinta kuwa ya riƙa dawowa duba aikin da ba ya bukatar dubawa, yau ƙusa, gobe guduma da ya ce ya manta, har Mama ta fara tambaya ko rufin nan ciwo yake yi. Auta, wadda ba ta taɓa kallon saurayi sau biyu ba, ta wayi gari tana jiran ƙarar babur ɗinsa.

"Masifaffiyata, yau na buge yatsana da guduma saboda tunaninki. Ki biya ni diyya," ya rubuto mata wata rana.

"Malam Kafinta, ka riƙa kallon ƙusa. Yatsun nan ina da aikin da za su yi min a gidana," ta mayar masa, tana dariya ita kaɗai a kicin.

Bakinta kuwa bai yi shiru ba. Duk matar layin da ta yi kukan mai gyara, sai Auta ta ce ga wani mai tsoron Allah, ga aikin da ya yi musu, ga ɗan abin da ya karɓa. Da haka ta haɗa shi da Gwaggo, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, wadda gidanta iri ɗaya ne da nasu, yoyon ma a wuri ɗaya. Gwaggo na da ɗa, Ɗan Gayu ake ce masa, wanda ya daɗe yana fesa turare saboda Auta, ita kuwa ko atishawa ba ta yi masa.

Ranar da Kafinta ya gama aikin Gwaggo aka biya shi, Ɗan Gayu ya zauna ya gwada abin da uwarsa ta biya da abin da Auta ke ta yaɗawa. Kafin la'asar Gwaggo ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi na jan ƙasa.

"Ina Auta? Fito nan! Ni za ki haɗa baki da saurayinki ku cuta? Aiki ɗaya, rufi ɗaya, ya karɓi ninkin naku a hannuna! Don ya ga ba ni da miji?"

"Gwaggo, wallahi ban sani ba..."

"Ba ki sani ba? Ke kika kawo min shi!"

Ɗan Gayu na tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Ai na faɗa muku, masu gyaran nan duk halinsu ɗaya. Fuska suke kallo su yanka."

Baba ya miƙe. Bai daɗe ba da ya fara sakin fuska idan an ambaci Kafinta, har ya bari manyansa su sa ranar zuwa gaisuwa. Ya nuna Auta da yatsa.

"Mai farashi biyu ba zai auri 'yata ba. Wanda ya cuci gwauruwa a kan katako, me zai yi miki a ɗaki? Kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan."

Magana ta zaga layin. Mai shagon kwanar layi ya fasa ba Kafinta gyaran kantarsa, matar da ta ce ya zo ya duba mata ƙofa ta aika kada ya zo. Mai gyara ba shi da wani jari da ya wuce sunansa, shi kuwa nasa ya zube a bakin kwata.

Auta ta shige ɗaki, ba kuka take ba, tafasa take. Kafinta ya kira, ta kashe. Ya sake kira, ta kashe. Sannan ta rubuta:

"Ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban mutanen da suka goya ni. Na rantse musu a kanka. Kada ka sake kirana."

An daɗe kafin amsa ta shigo.

"Masifaffiyata, ban cuci Gwaggo ba. Abin da na faɗa mata shi ne kuɗin aikin na gaskiya, ko wa kika tambaya. Ku ne na rage wa. Ranar da na gan ki a bakin ƙofa, bakina ya faɗi rabi ban shirya ba. Na cika sauran daga aljihuna. Kunya ta hana ni faɗa."

Da wata yarinyar ce, da ta narke. Auta kuwa sai wutar ta ƙaru. Ta zari mayafi ta nufi shagonsa, ta same shi zaune kan benci cikin garin katako, ga zarto a ajiye, ba aikin yi.

"Kana jiran in ce na gode?" ta ce. "In yi maka guɗa?"

"Don ina son ki na yi, Auta."

"So? Ka sa ubana ya ci sadaka bai sani ba, yana ta taƙama ya iya ciniki! Ka bar ni ina yawo gida gida da farashin ƙarya, kana ji, ba ka ce min uffan ba! Yau duk wanda ka faɗa wa gaskiya ɓarawo zai ɗauke ka, kuma da bakina aka yi maka wannan. Ka san yadda nake ji?"

Shi ma ransa ya ɓaci. "To me kike so in yi? In je in ce wa Baba ya ciko min? A ce na zo neman aure na koma karɓar bashi? Gara a ce min ɓarawo."

"To zauna a ce maka ɓarawon. Amma ka sani, ni ba zan auri mutumin da ya fi jin kunyar gaskiya a kan ƙarya ba."

Ta juya ta tafi. Sai da ta sha kwana hawayen suka zubo, don tana son sa, kuma ta san in bai zo ba shi ke nan.

Kwanaki suka wuce shiru. Ɗan Gayu ya samu fili, har ya aiko mata da saƙo: "Beauty, ki manta da ɗan guduman nan, ki zo inda ake hutawa." Ta goge ba ta amsa ba.

Wata safiya sai ga sallamar Kafinta. Ba tsani, ba babur, ya sa kayansa masu kyau. Ya roƙi Mama a kira masa Gwaggo, ta zo Ɗan Gayu na biye da ita. Baba ya fito a fusace zai kore shi, Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka ji shi. In ya gama ka kore shi, ba zan ce komai ba."

Kafinta ya durƙusa a tsakar gida ya faɗi komai, gumi na bin wuyansa. Gwaggo ta riƙe haɓa. Baba ya sa takalmi ya fita. Wurin masu sayar da katako da kwano ya je da ƙafarsa, ya bi su shago shago yana tambaya. Da ya dawo fuskarsa ta fi ta ɗazu haɗewa.

"Abin da na ba ka ko kayan bai saya ba," ya ce. "Ni ka raina? Ni za ka yi wa rangwame a ɓoye don ka samu 'yata? An ce maka da silin ake sayen ta?"

"Baba, na yi kuskure. Ku yafe min."

Baba ya shiga ɗaki ya fito da kuɗi, ya dangwara masa a gaba. "Ɗauki haƙƙinka."

"Baba, ba zan iya..."

"Ɗauka na ce! In ka bar shi nan, ka bar maganar Auta tare da shi."

Kafinta ya ɗaga ido ya dubi Auta. Ta harare shi, idonta cike da ƙwalla. Ya sa hannu biyu ya ɗauka kamar mai ɗaukar garwashi.

Gwaggo ta ja dogon numfashi. "Oho! Wato ni laifina shi ne ban haifi 'ya mace ba?"

Mama ce ta fara fashewa da dariya, har Baba sai da ya kawar da kai. Gwaggo ta juya ta nemi ɗanta, ta tarar ya sulale.

Baba bai sauko nan take ba. Ya ce zai zuba ido ya ga ko farashin yaron ya koma ɗaya. Gwaggo kuwa, da bakin da ta ɓata shi, da shi ta gyara. Gida gida ta bi tana ba da labarin kafintan da so ya sa ya yi asara, tana ƙara gishiri. Mutane suka yi ta tsokanarsa, amma suka dawo kiransa, don rufinta bai sake yoyo ba.

Bayan damina Baba da kansa ya aika manyan Kafinta su zo.

Ranar ɗaurin aure layin ya cika, har da mai shagon kwana. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyu falo. Auta ta sunkuyar da kai tana kuka, wannan karon ba na fushi ba.

"Ban ba ka ita don ka iya aiki ba," in ji Baba, muryarsa ta yi laushi. "Na ba ka ita don ka durƙusa a tsakar gidan nan ka faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinka. Ku riƙe wannan a tsakaninku. Ke kuma, ki rage masa faɗa."

"Baba, a bar min ita haka," in ji Kafinta. "Faɗan nan ne ya dawo min da sunana."

Baba ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Daga bayan labule Mama da Gwaggo suka haɗa baki suka ce amin.