Tukunyar Hinokidani Ta Yi Mini Shiru

"Mama, da gaske ne tukunya ta ce Baba mijin Inna Chizuru ne, ba naki ba?"

Tamaki ce ta jefo tambayar muna karin kumallo, bakinta cike da shinkafa. Shekararta biyar. Babanta, Shinpei, ya ƙware da miya har sai da na bubbuga masa baya. Kakana kuwa ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Tsohuwa Masae mai shagon tofu. Ta ce ke shiru aka yi miki."

"Haɗiye abincinki tukuna, 'yar lelena..."

Ta haɗiye, ta zuba mini ido. Na ce mata Babanta nawa ne tun fil azal, ta tashi ta ɗauko takalminta kada motar makaranta ta wuce. Amma na san wata rana wannan amsar ba za ta ishe ta ba, kuma na fi son ta ji labarin daga bakina, ba daga shagon tofu, wato awara, ba.

Gidanmu ne ke kula da ɗakin bautar dutsen Hinokidani tun kaka da kakanni. Abin da ke sa mutane hawo mana dutse shi ne tukunyarmu. Ta baƙin ƙarfe ce, tsohuwa. Kaka zai hura wuta, ruwa ya tafasa, ya ɗora madambacin itace ya zuba ɗanyar shinkafa. Mai tambaya sai ya durƙusa ya yi tambayarsa a zuci. In tukunya ta yi kuka irin na sa, mai dutse, abin bautarmu, ya ce e. In ta yi shiru, ya ce a'a.

Doka ɗaya ce: ba a faɗin tambayar. An ce ranar da wani ɗan gidan ya faɗi tasa, tukunya za ta kurumce har abada.

Babanmu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai mu uku. Yaya Chizuru ta baro aikin jinya a birni ta dawo gida ranar da aka binne tokar gawarsa bayan an ƙone ta bisa al'adarmu, ba ta ƙara zancen asibiti ba. Ni, Sumire, ni ce ta tsakiya. Sai Kotoha, autarmu, wadda take jami'a amma kullum tana gida tana cinye mana abinci.

Shekarar da guguwar teku ta yaye mana rufi ce aka turo mana kafinta. Shinpei ke nan, ɗan masunta, na uku a gidansu, ba abin da zai gada sai ƙarnin kifi. Ni nake kai masa shayi bakin tsani. Ranar farko ya ce na gode. Ranar da ta biyo baya ya ce shayin ya yi zafi. Kafin rufi ya kammala, ya sassaƙa mini matajin kai da guntun itacen da ya rage, ya miƙo mini yana kallon ƙasa.

"Gashinki yana shiga idonki in kina shara..." Abin da ya iya faɗa ke nan.

Kaka ma ya ga abin da yake so: saurayi mai hannu, mai kunya, wanda zai iya ajiye sunan gidansu ya ɗauki namu, ya gaji ɗakin bauta. Ya zaunar da shi.

"Za ka zauna. Za ka koyi aikin. In kaka ta yi, za ka auri ɗaya daga cikin jikokina."

"Ranka ya daɗe, ai ni tuni zuciyata ta..."

"A gidan nan ba zuciya ke zaɓa ba, yaro. Mai dutse ke zaɓa."

Da Shinpei ya same ni a bakin rijiya, murmushi yake yi. "Kada ki damu, Sumire. Tukunya ba makauniya ba ce."

Gari ya ɗauka. In ya sauka sayen ƙusa, tsofaffi su yi ta kiransa angon 'yan uku. Masae takan leƙo daga shagonta ta ce, "Yaro, ka ci da yawa, aikin gabanka ya fi ƙarfin ƙashinka!" Ya dawo kunnuwansa jajur.

Mu ma ba mu raga masa ba. Yaya Chizuru ce ke koya masa addu'o'in tsohon harshe, da mafici a hannu, in ya yi tuntuɓe ta ƙwanƙwasa masa a ka. Kotoha ce mai raka shi ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga dutse don wankan tsarki, kuma Shinpei, ɗan teku guda, tsoron ruwan sanyi yake kamar kyanwa.

"Shiga mana, ango! Ko in turo ka?"

"Kotoha, ki ji tausayina, yatsuna sun mutu!"

"To wa zai auri mai matattun yatsu? Ni dai na fita!"

Ni ce ke jiransa da tawul da ruwan zafi. Yana karkarwa yake ce mini, "Don ke nake yi fa." Ni kuma in ce, "Rufe baki ka sha."

Ranar zaɓe ta zo bayan an girbe shinkafa. Da hantsi ne, rabin gari ya cika farfajiya. Kaka ya hura wuta, ya ce, "Kowace ta durƙusa, ta sa abin a ranta."

Babba ke farawa. Yaya Chizuru ta durƙusa, ta rufe ido.

Ban taɓa jin tukunyar ta yi kuka irin na ranar ba. Sai da ƙofofin takarda suka yi rawa, hankaki suka tashi daga itatuwa. Na ga hawaye a fuskar Kaka, mutumin da bai yi kuka ba ko a jana'izar ɗansa.

Ashe Yaya tana sonsa? Ashe duk ƙwanƙwasar maficin nan so ne? Matar da ta ajiye rayuwarta saboda mu, yau ta nemi abu ɗaya, an kuma ba ta...

Na durƙusa. Na yi tambayata.

Wuta na ci, ruwa na tafasa, tururi na tashi. Tukunya ko tari.

Kotoha ta durƙusa, tukunya ta ɗan yi ƙugi kamar mai shaƙuwa ta tsaya, mutane suka yi dariya. Kaka ya miƙe ya sanar: Chizuru ce. Na dubi Shinpei. Fuskarsa ta yi fari kamar shinkafar da ke cikin madambaci.

Tun daga ranar tukunya ta daina magana. Manomi ya zo, shiru. Mai ciki ta zo, shiru. Kaka ya sauya itace, ya sauya ruwa, ya yi azumin kwanaki, shiru. Igiyar ƙararrawa ta tsinke ba iska ba ruwa. Mutane suka fara raɗa cewa mai dutse yana fushi, Kaka kuma ya ce a gaggauta bikin, wataƙila jinkiri ne ya ɓata masa rai.

Shinpei ya tare ni a bayan rumbu.

"Sumire, ki ce wani abu... Ki ce in yi magana, in yi!"

"Yayata ce, Shinpei."

"Ni kuma fa? Ni waye?"

"Mijin yayata."

Na zare matajin daga kaina na sa masa a tafin hannu. Na juya da sauri don kada ya ga fuskata.

Ranar gwajin farar rigar amarya, ni ce na durƙusa ina daidaita wa Yaya Chizuru gefen. Kotoha na kwance tana cin lemo. Ban san hawaye na zuba ba sai da ɗigo ya faɗa kan siliki.

"Sumire! Kin san wahalar wanke wannan?" Sai Yaya ta dube ni. Ta ɗago haɓata. "Ina matajinki?"

"Ya ɓata."

"Ƙarya kike. Me kika tambayi tukunya?"

"Yaya! Ba a faɗa!"

"Ai ta riga ta kurumce, me ya rage?"

Kotoha ta tashi zaune. "Ni dai bari in sauke nawa, ya ishe ni. Cewa na yi, ko Shinpei zai gyara mini ƙofar ɗakina kafin sanyi."

Muka juya muna kallonta.

"To me? Ni na ce ina son miji? Kuma gaskiya tukunyar ta faɗa, ya gyara, ta sake ɓallewa!"

Yaya ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ta zube a kan tabarma, riga da komai.

"Akwai wani tsibiri a kudu, Sumire, asibitinsu ba ma'aikaciyar jinya ko ɗaya. Sun daɗe suna nemana. Da na rufe ido, Shinpei ko faɗo mini bai yi ba. Cewa na yi... in tafi?"

"Yaya..."

"Ta ce in tafi! Da ƙarfi ta faɗa, kowa ya ji! Na buɗe ido na ga Kaka yana kukan murna, sai bakina ya mutu. Sannan aka yi miki shiru, na ce ashe ke ma ba rabonki ba ne, in ban aure shi ba gidan nan ya ƙare." Ta kama kafaɗuna. "Ke fa? Faɗa mini!"

Na sunkuyar da kai. "Cewa na yi... in haƙura da shi, in bar wa Yaya?"

Kotoha ta saki lemonta. "Ta ce a'a! Wayyo, ku biyun nan za ku kashe ni! Ta ce miki a'a, shi ne kika je kina kuka a bayan rumbu?"

"Na zaci tana nufin ba zan taɓa iya haƙura ba... haka zan mutu da shi a raina."

"Tashi!" in ji Yaya. "Ɗazu na ga Shinpei yana ɗaure kayan aikinsa."

Ba takalmi na fita. Na hango shi can ƙasan matakalar dutse, akwatin kafinta a kafaɗa.

"Shinpei!"

Ya tsaya bai juyo ba. "Ba zan iya ba, Sumire. Ba zan yaudari yayarki ba, ba kuma zan iya kallonki kullum a matsayin ƙanwa ba. Gara in koma kama kifi."

"Ba ni matajina."

"Me?"

"Gashina yana shiga idona, ba ka gani? Ba ni abina, masoyina, ka hawo mu je wurin Kaka!"

A aljihun ƙirjinsa yake. Ya sa mini shi, a karkace.

Mu huɗu muka durƙusa gaban Kaka, Yaya har yanzu cikin rigar amarya. Ta faɗa masa komai. Fuskarsa ta yi ta sauya launi.

"Kun faɗa? Ku ukun duka? Abin da uban kakana bai yi ba!" Ya buga tabarma. "Kun kashe ta! Kun kashe gidan nan!"

"Kaka," na ce, ban san inda na samo ƙarfin ba, "ita ta amsa mana daidai. Ba wanda ya tambaye mu abin da muka tambaya."

Sai ya miƙe, ya nufi ɗakin tukunya, muka bi shi. Da kansa ya hura wuta, ya zuba shinkafa. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya sauko daga mazauninsa ya durƙusa a wurin masu tambaya. Bai yi a zuci ba, a fili ya faɗa.

"Ni ne na yi kuskure?"

Tukunya ta kece da kuka. Ƙurar rufin da Shinpei ya gyara sai da ta zubo mana a ka. Masae ta rantse har shagonta ta ji.

Kaka ya jira ta gama. Ya share ido da hannun riga.

"To, na ji. Ai ba sai kin tara mini gari ba."

Rigar da na ɗiga wa hawaye ita na sa ranar bikina da Shinpei, tabon yana nan a gefen. Yaya Chizuru ta tsaya mini a matsayin uwa, washegari muka raka ta tashar jirgin ƙasa. Kaka ya ƙi zuwa, wai ƙafarsa na ciwo, amma shi ya ɗaure mata dunƙulen shinkafa da hannunsa, ya cika gishiri. Tana can tsibirinta har yau. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo. Ƙofar Kotoha kuwa har yanzu a ɓalle take.

Tamaki ita kaɗai ce tattaɓa-kunnen Kaka a gidan nan zuwa yanzu, kuma na fara jin tsofaffi suna cewa wata rana ita ma za ta durƙusa a zaɓa mata. Na gaya wa Kaka, na gaya wa babanta: 'yata za ta durƙusa in ta ga dama, ta tambayi abin da ta ga dama. Amma kafin wani ya buɗe baki ya fassara mata kukan tukunya, ni zan ja ta gefe in ce, "Me kike so, 'yar lelena?" Kuma zan jira har sai ta faɗa.

Ke mai karatu, ko kai, in kana da 'ya mai kunya, mai cewa to ga komai, ka yi hattara da ita. Kada ka ga alama ta yi daidai da burinka ka yi ta murna, ka manta ba ka ji daga bakinta ba. Ka zaunar da ita ka tambaye ta tun rigar biki tana wurin tela. Mu mun yi sa'a, tukunyarmu ta ƙi barin kuskure ya wuce. A gidanka babu tukunyar da za ta yi wa 'yarka kuka.