Kibiyar Da Ba Ta Kai Ko'ina Ba

Ku matso. Hajjo, rage fitilar nan. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna.

Lokacin ina aikin rubuta manhajar kwamfuta a Kaduna, aka ba mu aikin tsara layin ganin likita na wani asibiti. Kafin a rubuta komai, sai an zana tsarin a allo, akwatuna da kibiyoyi, daga rajista har ɗakin likita. Ƙa'idarmu, mutum biyu ke bin kowace kibiya da yatsa, sannan su sa hannu. Ni kuwa ina ji da kaina. Abokin aikina Balarabe yana jinyar mahaifinsa, sai na duba ni kaɗai, sama-sama, na sa masa hannu.

Wata uku da fara amfani da manhajar, wata Juma'a, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci. Ni na makara a ofis.

Sai na ji sallama. Tsohuwa ce da farin mayafi, riƙe da katin asibiti. Tana gabana, amma muryar daga bayana take fitowa. An goge tayal bai bushe ba. Babu sawunta ko ɗaya.

Ta nufi allon, inda zanen yake har lokacin. Ta ɗora yatsa a rajista, ta bi kibiya a hankali.

"Ɗan nan, wanda ba shi da lambar waya, ina yake bi?"

Na duba. Kibiyar ta fito, ta tsaya a fili. Babu akwati a gabanta.

"Nan na bi," in ji ta. "Kwana huɗu ina kan benci. Ba a kira ni ba."

Na so in ce laifin na'ura ne, na kasa. Ta ajiye katin a teburina. Ko da na ɗago, babu kowa.

Na bincika. Sunaye goma sha ɗaya manhajar ta yar. Goma an gan su daga baya. Ta ƙarshen, Gwaggo Asabe, mai sunan da ke kan katin, an rubuta ta rasu a wurin jira.

Na gyara kibiyar a ranar, a ɓoye. Balarabe har yau yana gode mini da na rufa masa asiri na sa masa hannu, ni kuwa kunya ke hana ni kallon idonsa.

Hajjo, ke da kika fara karatun kwamfuta, ji ni da kyau. Kada ki taɓa bin zane ke kaɗai. Akwai mutane a kan kibiyoyin nan.