Satar Ƙasa a Gonar Gwaji

Sufeto Shekari ya sha kama ɓarayin shanu da na keke, amma bai taɓa jin an saci ƙasa ba sai ranar Litinin ɗin nan. Ƙasa dai wadda ake takawa.

Ya hau kekensa daga caji ofis na Sabon Gari zuwa wata gonar gwaji a Samaru, shi kaɗai kamar kullum. Mutum ne marar abokin hira, gida ma ba mai jiransa.

Baturen gonar ya riga ya gama shari'arsa. Mataimakinsa Kefas ke riƙe da makullin siton da aka ajiye buhunan ƙasar, don haka ya sa an tsare shi. In ƙasar ba ta fito ba, aiki ya tafi, ga gidan yari.

"Me ke cikin ƙasar nan?" Sufeto ya tambayi Kefas.

"Ranka ya daɗe, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna manne wa saiwar masara, su jawo mata fosforas, abincin da ke sa ta ƙwari. Wadda muka shuka a ƙasar ta yi kore shar, ta sauran tukwanen kuwa ganyenta ya rine. Yau za mu gasa rabi a wuta halittun su mutu, mu ga bambanci."

"Ina kake jiya?"

"Coci."

Sufeto ya duba siton. Ba a fasa kwaɗo ba, ga buhunan takin zamani ba wanda ya taɓa. A bakin ƙofa akwai kashin jaki.

Da Sufeto ya bincika, ashe maganar coci ƙarya ce. Bibiana mai tuwo a Sabon Gari ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Coci ina! Nan ya wuni yana taya ni ɓarar gyaɗa. So yake ya ce yana sona, baki ya ƙi buɗuwa. Garin saurin zuwa ma a gona ya manta makullansa."

Ran Lahadi mutum ɗaya ke zuwa gonar, tsoho Jatau mai ban ruwa, shi da jakinsa. Sufeto ya koma gonar ya same shi.

"Baba, ka ga makulli jiya?"

"Ban gani ba."

"Daga ina aka haƙo ƙasar?"

"Ni ruwa na sani, yallaɓai." Ya ɗauki bokitinsa ya ci gaba da ban ruwa.

Kefas ne ya faɗi wurin, wani kufai bayan rafi, gindin tsamiya, inda ciyawa ta fi ko'ina duhu. Mutanen ƙauyen duk sun watse tuni.

Washegari da hantsi Sufeto ya isa can. Ramin da aka haƙa ya cike, an daddaɓe shi da tafin hannu. Jatau na zaune a gefe, buhunan da aka zazzage suna ninke kan cinyarsa.

"Ka yi mini ƙarya, Baba."

"Na yi. Matata Albarka ce kwance a nan. Da suka kwaso ƙasar na gane ta, na yi shiru. Na ce ai masara za ta ciyar, ita ma da noma ta mutu. Kullum ni ke ba ta ruwa, in gaishe ta. Amma wuta, yallaɓai? Ina tsaye a gasa ta?"

"Me ya hana ka gaya wa Bature?"

"Wa ke tambayar mai ban ruwa?"

Tausayi ya kama Sufeto har ya kau da kai.

"Kefas na tsare saboda kai."

"Shi ya sa na zauna jiranka. Ku sake shi, bai san komai ba."

Ya miƙo hannuwa. Sufeto bai ciro ankwa ba, sai ya kama shi ya tashe shi tsaye. Sun ɗan taɓa tafiya, tsohon ya waiwaya.

"Albarka, za a tafi da ni birni. Gobe kada ki sa ido."

Suka bi hanyar rafi, Sufeto na tura keke a hankali don tsohon ya iya binsa.